Tiyon da Ya Bi ta Ƙarƙashin Ganuwa

Bayan da kamfanin haƙar iraniyom da na yi wa aiki ya rufe raminsa, na zauna a Arlit ba ni da tsayayyen aiki. Na yi shekaru ina kula da fanfunan da ke janyo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da waɗanda ke tura shi unguwar ma'aikata. Da aka sallame mu, abokan aikina da dama suka koma gida, wasu Maraɗi, wasu Tawa, wasu kuma suka nufi wuraren haƙar zinariya. Matata ta so mu koma Damagaram, amma yaranmu suna tsakiyar karatu, ni kuma na riga na saba da garin. Sai na riƙa ɗaukar jakar kayan aikina ina zagaya lambuna, ina gyara wa masu noman albasa da tumatir injinan ban-ruwa.

Ana haka, wata rana bayan la'asar wani maƙwabcinmu soja ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce an turo ayari daga Yamai domin su duba halin da barikin gari da ƙananan sansanonin arewa suke ciki, su rubuta abin da ya lalace da abin da gyaransa zai ci. Mutumin da ya kamata ya duba musu ɓangaren ruwa ya kwanta rashin lafiya a Agadas, shi ne shugaban ayarin ya ce a nemo masa wanda ya san aikin foraj, wato rijiyar burtsatse, ko da farar hula ne. Maƙwabcin nawa ya ba da sunana.

Matata ba ta so ba. Ta ce hanyar arewa ba hanyar mai iyali ba ce, kuma wanda ya shiga motar soja ya zama soja a idon duk wanda ya hango shi daga nesa. Na ce mata gaskiya ne, amma aiki ne na ƴan kwanaki, kuma akwai rakiya. Ta daka mini dakuwa ta ƙulla a leda, ta sa mini a jaka.

Shugaban ayarin kaftin ne daga sashen gine-gine na soja, gajere, mai furfura kaɗan a gefen kai. Mutumin Doso ne, amma Hausarsa ba ta da gargada. Tare da shi akwai wani farar hula daga ofishin kuɗi, wanda kowa ke kira mai lissafi. Wannan ne zuwansa arewa na farko, ya sayi rawani a Agadas amma bai iya naɗawa ba, kullum yana warwarewa.

Tun ranar farko kaftin ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda yake aiki. Ya ce duk abin da na gani in ware shi kashi uku: abin da idan ba a gyara ba za a iya rasa rai, abin da zai iya jira, da abin da ake sha'awa kawai. Ya ce kada in kumbura magana don in taimaki wani, kada kuma in rufa wa wani asiri, domin idan aka kama ƙarya ɗaya a cikin rahoto, a Yamai za su daina yarda da sauran. Mai lissafi ya ƙara da cewa kuɗin da ke akwai ba zai kai ko'ina ba, don haka duk abin da aka sa a kashi na farko sai an iya kare shi a gaban manya.

Mun fara da barikin gari. An share ko'ina, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Kaftin ya wuce kai tsaye bayan ɗakunan kwana. Iska ta ɗaga kwanon rufin a wurare da yawa, sojoji sun danne shi da tsofaffin tayoyi. Ɗakin girki ya yi baƙi ƙirin, bangonsa ya tsage. Ni na hau tankin ruwa na tarar tsatsa ta ci gindinsa, an liƙe wurin da siminti da tsumma. Da muka shiga ɓangaren iyalai, matan sojoji suka fito suka tare mu, suka nuna mana famfo guda da suke layi a kansa tun asuba. Kaftin ya tsaya ya saurare su har suka gama, sannan ya tambaye ni ko za a iya ƙara kawunan famfo ba tare da an canza babban tiyo ba. Na ce za a iya. Ya sa shi a kashi na biyu. Wata daga cikinsu ta tambaye shi me kashi na biyu yake nufi, ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Ta ɗauki bokitinta ta koma layi.

Daga nan muka kama hanyar Asamaka. Wanda bai taɓa binta ba zai yi zaton hanya ce sosai. Sawun manyan motoci ne kawai a kan yashi da tsakuwa, kowane direba yana zaɓar nasa. Mun yi ta cin karo da motocin da suka fito daga Aljeriya, an lafta musu dabino da taliya da barguna, mutane a zaune a can sama sun rufe fuskoki. Mun tsaya a ƙananan sansanoni, matsalolinsu kusan iri ɗaya ne: injin wuta da ya tsufa, tantunan da rana ta cinye, ɗakin magani ba firiji, ruwa mai ɗanɗanon kanwa. A ɗaya daga ciki mai lissafi ya kurɓi ruwan ya tofar, ya tambaya ko shi suke sha kullum. Suka ce shi ne. Daga ranar na lura ya rage gardama idan aka zo maganar ruwa.

Sansanin da nake son ba da labarinsa yana can gefe, an bar babbar hanya an yi gabas. Mun isa da hantsi. Ganuwa ce ta yashi da katafila ta tura ta kewaye wurin, a ciki akwai ɗakuna kaɗan na bulo, da kwantenoni, da hasumiyar ƙarfe ta mai gadi. Shugaban wurin laftana ne, matashi siriri, mutumin wajen Maraɗi. Ya tarbe mu da ladabi, yana ce mini Baba. Amma na ga hankalinsa ba a kwance yake ba, yana yawan duban agogo.

Kaftin ya fara da ganuwa. Ta gefen arewa iska ta kwashe ta har ta koma tudu kawai, mota mai ƙarfi za ta iya hawa ta wuce. Ya tsaya a kai ya daɗe yana kallon fili, ya ce wannan kashi na farko ne ba tare da wata shawara ba. Suka wuce ma'ajiyar makamai shi da laftana da mai lissafi, inda ba a yarda in shiga ba. Ni aka haɗa ni da wani sarjan, dattijo mai faɗin kafaɗa, ya kai ni wurin foraj.

Da na buɗe akwatin wutar fanfon na ga wayoyin sun yi duhu, robarsu ta bushe tana farfashewa. Na sa aka kunna gurup, injin da ke ba fanfon wuta, na tari ruwa a tafin hannu, na ga yashi mai laushi yana kwantawa. Fanfon ba tsoho ba ne, amma ya gaji kamar wanda ya yi shekaru yana aiki ba hutu. Na dubi yawan ɗakunan da girman tankin, na ga bai kamata ruwan mutanen nan ya gajiyar da shi haka ba. Na tambayi sarjan ko akwai inda ruwa ke zuba. Ya ce shi dai bai sani ba, yana kallon wani wuri.

Na bi babban tiyon da ƙafa daga bakin foraj zuwa tanki. A tsakiya na tarar da buhunan yashi an jera su a inda babu dalilin jera su. Na ɗaga biyu, sai ga mahaɗa da makullin ruwa a rufe, da baƙin tiyo da ya rabu ya nufi ganuwa ya shige ƙarƙashinta. Na ce wa sarjan ina son in ga inda ya ƙare. Ya gyara ratayar bindigarsa ya ce mu je.

Mun fita ta ƙofa muka zagaya. Tiyon yana binne, amma iska ta tone shi nan da can, ba wuyar bi. Ya kai mu bayan wani tudun yashi da ba a hango shi daga cikin sansani. A nan aka jera gangunan ƙarfe da aka tsaga biyu, ƙasa kuma duk kashin raƙuma da na awaki. Gangunan a bushe suke. Can nesa kaɗan, a gindin wasu ƙananan itatuwan ƙaya, na hango dabbobi a tare, da mutane a tsugune.

Wani tsoho Ba'abzine ya taso ya nufo mu, yana tafe a hankali, hannayensa a fili inda za a gan su. Suka gaisa da sarjan kamar waɗanda suka saba. Ya dube ni, ya dubi jakar kayan aikina, ya tambaya ko ni ne baƙon. Sarjan ya ce ina cikinsu.

"Laftana ya ce yau mu tsaya nesa sai baƙi ya tafi," in ji tsohon da Hausarsa ta Abzinawa. "Mun tsaya. Raƙumi yana iya jira. Akuya mai ɗa ba ya iya jira."

Na tambaye shi ina rijiyarsu. Ya nuna gabas, ya ce ta rufta tun bara, wadda ke bayanta kuma ta yi nisa ga ƙananan dabbobi. Ya ce su mutanen wajen Gugaram ne, kiwo ne ya kawo su nan. Bai roƙe ni komai ba. Ya koma wurin dabbobinsa.

A hanyar komawa sarjan ya ce mini su ba sayar da ruwan suke yi ba, kada in ɗauka haka. Na ce ban ɗauka ba. Amma na san ba zan iya cewa fanfo ya gaji in ƙi faɗin abin da ya gajiyar da shi ba. Na kuma san yaron nan laftana zai iya shiga matsala. Na yanke shawarar in fara gaya masa kafin kaftin.

Na same shi a bayan ɗakin girki yana ba da umarnin abincin rana. Na ja shi gefe na ce na ga tiyon, na ga mutanen, kuma dole in faɗa. Ya runtse ido na ɗan lokaci.

"Na gode da ka fara zuwa wurina, Baba," ya ce. "Bari ni zan faɗa da bakina."

Ya faɗa kuwa, muna zaune a inuwar kwantena an ajiye mana shinkafa da miyar gwangwani. Ya miƙe tsaye ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce shi ya sa aka ja tiyon, bayan da makiyayan suka zo ƙofar sansani da dabbobinsu suna faɗuwa. Ya ce shi ya sa aka rufe yau, ya kuma sa aka ɓoye mahaɗar, don yana tsoron abin da za a ce. Kaftin bai katse shi ba. Da ya gama, kaftin ya ajiye cokali ya tambaya tun yaushe dabbobin suke jira. Sarjan ya ce tun fitowar rana.

"A buɗe musu tukuna," in ji kaftin. "Maganarmu za ta iya jira."

Sarjan ya tafi da sauri. Bayan ɗan lokaci muka ji ƙarar gurup, sannan daga bayan tudu muka ji kukan awaki.

Sai kaftin ya juyo kan laftana. Bai ɗaga murya ba, amma maganar ta yi nauyi. Ya ce ɓoyewar ta fi ba shi haushi a kan tiyon. Ya ce an turo shi ne ya ga gaskiyar wuri, idan kowane shugaban sansani zai jera buhu a kan abin da ba ya so a gani, to tafiyar ba ta da amfani. Ya ce tara mutane da dabbobi a bayan tudun da mai gadi ba ya gani haɗari ne, wata rana wanda ba makiyayi ba zai zo cikin rawani ya tsuguna a wurin. Ya kuma ce gazuwal, wato man dizal, da gurup ke sha don motocin sintiri aka kawo shi.

Laftana ya amsa laifin ɓoyewar. Amma a kan ruwan bai ja da baya ba. Ya ce daga kan hasumiya ba abin da suke gani sai yashi. Duk motar da ta ratsa yankin ba ta hanya ba, daga bakin makiyayan nan suke jin labarinta, wani lokaci tun kafin ta iso. Ya ce ko da ba don haka ba, shi ba zai iya zama a kan ruwa yana kallon dabbobin mutane suna mutuwa a ƙofarsa ba.

Mai lissafi ya ce shi ya fahimta, amma a cikin kuɗin soja babu gurbin da ake kira shayar da raƙuma. Idan ya rubuta haka, wanda zai karanta a Yamai zai soke shi da jan biro, watakila ma ya soke fanfon gaba ɗaya. Ya ce wannan aikin ma'aikatar ruwa ne ko na magajin gari.

Kaftin ya tambaye ni ra'ayina a kan fanfon kawai, ba a kan sauran ba. Na ce idan aka ci gaba a haka, da wuya ya kai ƙarshen bazara. Hanya biyu ce: ko a yanke tiyon a canza wayoyi, fanfon ya ƙara ɗan kwana, ko a sa wanda ya fi shi ƙarfi, da faifan hasken rana don a huta da gazuwal, a kuma kai wurin shan dabbobin can fili inda mai gadi zai riƙa gani. Ya tambaya ko foraj ɗin zai iya ɗaukar sansanin da dabbobin duka. Na ce a ganina zai iya, amma sai an gwada shi da kayan gwaji, ni ba ni da su.

Ya juya kofin shayi a hannunsa. Daga baya ya ce zai rubuta komai yadda yake, har da ɓoyewar. Ganuwa da fanfo kashi na farko. Faifan rana da wurin shan dabbobi zai sa su a wata takarda dabam, ya nemi a tura wa masu kula da ruwa, ya kuma rubuta dalilin da ya sa yake ganin abin ya shafi tsaron sansanin. Kafin nan ya ba da umarni a ƙara tsawon tiyon a fitar da gangunan daga bayan tudu, a kuma riƙa buɗe ruwan da safe kawai. Mai lissafi ya ce zai taimaka a tsara takardar yadda ba za a yi saurin jefar da ita ba.

Da yamma ni da sarjan da wasu sojoji muka yi aikin. Akwai ragowar tiyo a ma'ajiya, na haɗa, muka ja gangunan zuwa fili. Tsohon nan da mutanensa suka taya mu ja. Na canza wayoyin da zan iya canzawa, na nuna wa sarjan yadda zai riƙa taɓa akwatin, idan ya ji ya yi zafi ya kashe ya bar shi ya huce. Washegari muka wuce Asamaka, daga can muka juyo gida. Ayarin ya koma Yamai, ni na koma lambuna.

An daɗe ban ji komai ba. Maƙwabcina soja shi ke kawo mini labari jefi-jefi. Ya ce an yi wa laftana gargaɗi a rubuce, amma ba a rage masa girma ba. Da zafi ya tsananta ya zo ya ce fanfon ya tsaya, yanzu da motar tanki ake kai musu ruwa daga gari, ana auna wa kowane soja nasa. Na tambaye shi makiyayan fa. Ya ce sun tashi, an ce sun yi kudu. A barikin gari kuwa an canza kwanon wasu ɗakuna, an kawo sabon tanki, amma matan suna nan suna layi a famfo guda.

Sai bayan damina ta wuce aka sake nemana. Kuɗin ganuwa da na fanfo sun fito, ɗan kwangilar da aka ba aikin yana son wanda ya san wurin. Da muka isa na tarar katafila ta riga ta tayar da ganuwar, ta fi ta da can tsawo. An canza laftana, an tura shi yamma, wani ne a madadinsa. Sarjan yana nan, ya rame. Fanfon da aka kawo ya ɗan fi tsohon ƙarfi, amma babu faifan rana. Na tambayi ɗan kwangila, ya ce shi abin da aka rubuta masa ke nan. Takarda ta biyu, in ji sarjan, an ce tana wani ofishi ana dubawa.

Mun zare tsohon fanfon muka saukar da sabon. Da ruwa ya fito sojoji suka taru suna wanke kai a bakin tiyo, har da mai girki da tukunyarsa. Baƙin tiyon nan kuwa katafila ta tsinke shi wajen tura yashi, an toshe mahaɗar da guntun katako da roba.

Sabon laftanan ya same ni ina tattara kaya. Ya ce ya ji labarin abin da ya faru kafin zuwansa. Ya ce a ƴan kwanakin nan wasu makiyaya sun fara dawowa, sun zo sun tsaya daga nesa suna tambaya. Ya tambaye ni ko sabon fanfon zai iya shayar da dabbobinsu.

Na ce zai iya, idan da safe ne kawai, kuma idan ana barinsa ya huta. Ya ce shi ba zai yi komai a ɓoye ba, zai nemi izini daga Agadas tukuna, idan an ba shi to. Na ce hakan ya fi. Ina da sabon makullin ruwa da mahaɗa a cikin jakata, na saya ne don wani mai lambu. Na ba sarjan, na nuna masa yadda ake ɗaurawa da inda zai sa roba don kada ya yi yoyo. Ya kai su ma'ajiya ya ajiye a kan kanta.

Motar ɗan kwangila ta dawo da mu Arlit ana kiran sallar magariba. Ban sake komawa wurin ba. An yi wa maƙwabcina canjin wurin aiki ba da daɗewa ba, ya kwashe iyalinsa, don haka ban san ko izinin ya zo ba. Mai lambun da na ba da kayansa ya jira ni har sati ya zagayo kafin na samo masa wasu a kasuwa.